Fitilun gargaɗi na tablon mota: wadda ke nufin a tsaya, da wadda ke iya jiran garaji

A tashoshin motar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, fasinjan da ya zauna kusa da direba yakan ga wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa tana ci a tablo tun daga tashi har sauka. In ya tambaya, amsar da yake samu ɗaya ce: haka aka sayo motar. Wasu direbobin ma sukan liƙe wurin da ƴar takarda don kada hasken ya dame su da dare. Galibin motocin da ke yawo a Nijar na hannu ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome ko Kwatano, kuma da yawa sun iso da fitilar a kunne. Illar ita ce sabo. Idon da ya saba ganin haske a tablo ba ya razana ranar da wata fitilar dabam ta kama, alhali a cikinsu akwai wadda ke iya jiran mako guda, akwai kuma wadda ba ta jiran minti ɗaya. A hanya irin ta Yamai zuwa Damagaram, mai tsawon kusan kilomita 900, sanin wannan bambanci ne ke raba ƙaramin gyara da sayen wani injin.

Launi kafin hoto

Kamfanonin ƙera motoci suna bin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2575 wajen zana waɗannan alamomi, shi ya sa hoton da ke cikin Toyota kusan shi ne ke cikin Peugeot ko Mercedes. Ja na nufin haɗari ga injin ko ga mutanen da ke ciki. Ruwan ɗorawa ko ruwan goro na nufin wani abu ya samu matsala, a kai motar wurin makaniki ba da jimawa ba. Kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa, kamar sigina ko babbar fitilar hanya. Jajayen da ke nuna ƙofa a buɗe, ko bel ɗin kujera da ba a ɗaura ba, ko birkin hannu da aka manta, maganinsu na hannun direba. Sauran jajayen guda huɗu ne ke buƙatar a san su da ka: na luwul, na zafi, na batir da na birki.

Ƴar butar luwul

Hotonta kamar ƴar buta ce mai ɗigo a baki. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tana nufin luwul, wato baƙin mai, ya ragu, za a ƙara in an kai gari na gaba. Ba haka ba ne. Jar fitilar tana auna ƙarfin da famfo ke tura luwul zuwa sassan injin. In ta kama alhali mota na tafiya, to ƙarafan da ke juyawa sau dubbai a minti guda sun fara gogar juna ba tare da isasshen maiƙo a tsakaninsu ba. Cikin ƴan mintoci, wani lokaci ma ƙasa da haka, injin zai iya bugawa.

Abin yi shi ne a sauka daga kwalta a wuri na farko da babu haɗari, a kashe injin. Bayan kamar minti biyar, a zaro sandar awon luwul, a goge ta, a mayar, a sake zarowa. Akwai alamu biyu a jikinta, kuma a yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kusan lita ɗaya ce. In luwul bai kai alamar ƙasa ba, a ƙara, a duba ƙarƙashin motar ko yana zuba, sannan a tayar. Fitilar ta mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi, ana iya tafiya a hankali zuwa garaji. In kuwa luwul ya cika amma fitilar ta ƙi mutuwa, nan ne ake yawan yin asara, domin direba yakan ce ai ga luwul nan, fitilar ce ta lalace. Yana yiwuwa ɗan ma'aunin ne ya mutu, yana kuma yiwuwa famfon ne, ko matatar da ke bakinsa ta toshe da dauɗa. A gefen hanya babu mai iya rarrabewa da ido, sai makaniki ya ɗaura agogon awo. Kuɗin jawo mota, ko daga tsakanin Gidan Rumji da Madawa ne, bai kai kuɗin injin ba.

Fitilar da ke ƙiftawa sa'ad da aka taka birki ko aka sha kwana tana nuna luwul ya yi ƙasa ƙwarai. Wadda ke ƙiftawa in injin ya yi zafi kuma mota na tsaye, alamar tsufan injin ce ko luwul ɗin da ya tsinke, wanda ya wuce lokacin bidanji ko kuma na jabu ne tun asali. Wasu motocin suna da wata ƴar buta ta biyu mai ruwan ɗorawa: ita ce ke nufin a ƙara luwul, kuma ita tana iya jira har tashar mai ta gaba.

Zafi

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke kaiwa maki 45 a kudancin ƙasar, wannan ita ce fitilar da ta fi tsayar da motoci. Hotonta ma'aunin zafi ne a tsaye cikin ruwa. Wasu motocin allura gare su, wasu kuma, irin su Yaris, fitila kawai: shuɗiya ko koriya da safe in injin bai ɗumama ba, ja in ya wuce kima. Injin mai lafiya yana aiki ne a wajajen maki 90 zuwa 100. Murfin radiyater yana danne ruwan da ke ciki yadda ba zai tafasa ba sai ya kai kusan maki 120. Wannan dannewar ce ke sa buɗe murfin da zafi ya zama ganganci: da an sassauta shi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan kuskure. In hakan ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har tsawon minti 20 kafin a nufi asibiti. Ba a shafa luwul, ko ƙwai, ko man goge baki.

Da allura ta doshi ja, a kashe kilim, a kunna na'urar ɗumama cikin mota zuwa ƙarshe, ko da fasinjoji za su yi ƙorafi, domin tana janye wani ɓangare na zafin injin. Sannan a nemi wurin tsayawa. In tururi na fita daga ƙarƙashin kapo, a kashe injin, kada a ɗaga kapo sai tururin ya lafa. In babu tururi, ana iya barin injin yana ci a tsaye na ɗan lokaci a saurara ko fanka na juyawa. Allura ta ƙi sauka, a kashe. A jira aƙalla rabin awa kafin a taɓa murfi, a kuma nisanta hannu daga fankar lantarki, don tana iya tashi da kanta ko an cire makulli. Kwara ruwan sanyi cikin injin da ke tafasa yana iya tsaga kulas, wato kan injin.

Dalilan ba su da yawa: tiyo ya fashe, radiyater ya huje ko ƙura da ƙwari sun toshe gabansa, fanka ta mutu, famfon ruwa ya gaji, ko tarmosta ya maƙale a rufe. Cire tarmosta gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a garaji da yawa da sunan wai na ƙasashen sanyi ne, ba magani ba ne. Injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana ƙara shan mai, kuma ainihin cutar tana nan. Ruwan rijiya ko na famfo yana fitar da mutum daga daji, amma in ya zauna a ciki yana barin tsatsa da dasashi. A maye shi da ruwan radiyater na gaske in an isa gari. Motar da ta taɓa tafasa, in daga baya aka ga farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko luwul ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to abin da ke liƙe tsakanin kulas da jikin injin ya ƙone.

Batir da birki

Hoton batir yana ruɗar mutane su je sayen sabon batir. Abin da fitilar ke faɗa shi ne caji ya tsaya, motar tana cin abin da ya rage a batir ne kawai. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 in injin a kashe yake, in kuma yana ci, altarnater na ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Da rana, in aka kashe kilim da rediyo da cajin wayoyi, mota na iya ƙarasawa gari mafi kusa. Da dare fitilun hanya suna shanye batir da wuri, kuma mota ta mutu a tsakiyar kwalta babu haske ya fi komai muni. Kada a kashe injin sai an isa inda za a gyara, don ba lallai ya sake tashi ba. Akwai sharaɗi ɗaya: a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altarnater shi ke juya famfon ruwa. In fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa, bel ne ya tsinke, tsayawa ta zama dole. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir injin na ci don a gwada altarnater tana iya ƙona kwamfutar motocin yanzu.

Fitilar birki da'ira ce mai alamar motsin rai a tsakiya, a motocin Amurka kuma kalmar BRAKE ce ke fitowa. In an saki birkin hannu ba ta mutu ba, ruwan birki ya ragu. Yana raguwa a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, don haka ƙara ruwa ba tare da an duba takalman ba rufe ido ne kawai. In ya ragu farat ɗaya, ko aka ga jiƙa a cikin taya, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, yoyo ne, kuma motar ba ta tafiya ko'ina sai an gyara. Ana zuba irin ruwan da aka rubuta a kan murfi ne, DOT 3 ko DOT 4 a mafi yawan motoci, ba luwul ba. Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ita kaɗai tana nufin birki na kamawa, sai dai tayoyi na iya ƙullewa su ja a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta. In ta kama tare da jar, a tsaya.

Birki ya ƙwace ana cikin gudu, kamar yadda yakan faru da motar da aka yi wa lodi fiye da kima a gangaren duwatsun Adar, a yi ta taka feda da sauri sau da yawa, a riƙa rage giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali. Ba a zare makulli, domin sitiyari na iya ƙullewa.

Yadda ake tsayawa

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya ƙura wa tablo ido na daƙiƙa biyu yana son gane hoton ya yi mita 50 bai ga amalanke, ko garke, ko ɗan kabu-kabun da ke gabansa ba. Kallo ɗaya ya isa a ga launi. A kunna sigina huɗu, a rage gudu ba tare da taka birki da ƙarfi ba, a fitar da tayoyi duka huɗu daga kwalta in gefen ya yarda, nesa da kwana, gada ko bayan tudu. Fasinjoji su fita ta ɓangaren daji su matsa can, ban da zama a inuwar motar ko kwanciya ƙarƙashinta.

Alamar nan mai kusurwa uku ana ajiye ta aƙalla mita 30 a bayan mota. A cikin gari wannan ya isa. A babbar hanya bai isa ba, domin mai gudun 90 yana buƙatar wajen mita 80 kafin ya tsaya cak, babbar mota mai lodi kuma fiye da haka. A kai ta mita 100 ko gaban kwana. Rassan itace da ake jerawa suna taimakawa da rana, da dare kuwa ba a hango su sai an zo kansu. In an gama gyara a kwashe su, tare da duwatsun da aka tare tayoyi, saboda dutsen da aka bari a kwalta ya isa kayar da mai babur. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17.

Fitilar injin

Ita ce wadda aka fi sabawa da ita, mai hoton injin, wani lokaci da rubutun CHECK. Ba cuta ɗaya take nunawa ba. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin isansi, na gazuwal daga baya kaɗan. Kwamfutar motar tana sauraren ƙananan ma'aunai da ke auna iska, mai, zafi da hayaƙi. In ɗaya ya kawo abin da bai dace ba, sai ta ajiye lamba ta kunna fitila. Lambobin sun kai ɗaruruwa, fitilar kuwa ɗaya ce.

Abin lura na farko shi ne ko a tsaye take ko tana ƙiftawa. In a tsaye take, mota na ja kamar kullum, babu sabon ƙara, babu hayaƙi, zafi daidai, ana iya ƙarasa tafiya a kai ta garaji cikin ƴan kwanaki. In tana ƙiftawa, injin na rawa, to wani silinda ba ya ƙona mai, sau da yawa saboda buji ko bobin. Ɗanyen man yana gangarawa salansa ya kama da wuta cikin katalizer, ya narkar da shi, har zafin ya iya kunna busasshiyar ciyawar da aka tsaya a kai. A sassauta ƙafa, a daina ja da ƙarfi. In ƙiftawar ba ta daina ba, a tsaya. Akwai kuma lokacin da mota ke rage ƙarfinta da kanta ta ƙi wuce wani gudu. Kwamfuta ce ke kare injin ko giya, kuma wannan ba lokacin yunƙurin wuce tirela ba ne.

Ana karanta lambar ne da na'urar da makanikai ke kira baliz, wadda ake sokawa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin tablo ta ɓangaren direba. P0300 na nufin injin na tsallake wuta, P0301 kuma a silinda na ɗaya ne. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0420 na nufin katalizer ba ya aikinsa, kuma ita ce lambar da ke yawan fitowa a motocin da aka fafe wa katalizer saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Lambar tana nuna inda za a fara nema ne, ba ta cewa a sayi kaza. Makanikin da ya ga lambar ma'aunin hayaƙi ya ce a sayo sabo ba tare da ya duba waya ko yoyon iska ba, caca yake yi da kuɗin mai mota. Goge lambar, ko cire kan batir don fitila ta mutu, shi ma ba gyara ba ne. Ya kamata mai mota ya rubuta lambar ko ya ɗauki hotonta da waya kafin a goge.

Wasu dalilan na gida ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska ta ɓata ma'aunin da ke bayanta. Man ƴan ruwa-ruwa ba duka ne gurɓatacce ba, amma wanda ya kwana a jarka da kwalba yana ɗaukar ruwa da ƙasa, wani lokaci kuma a gauraya shi. Fitilar da ta kama jim kaɗan bayan shan mai ta riga ta nuna inda za a fara zargi. A motocin Amurka, murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba ya isa kunna ta, kuma in an ɗaure sai an yi ƴan tafiye-tafiye kafin ta mutu. Babbar hasarar barin ta a kunne shekara da shekaru ita ce, ranar da sabuwar matsala ta zo, ba ta da hanyar faɗa.

Motocin gazuwal da sauran alamomi

Masu Hilux, Hiace da Land Cruiser suna da fitilar matatar gazuwal, wadda ke kamawa in ruwa ya taru a ƙasan matatar. Ana sassauta ɗan famfon da ke ƙasa a zubar da ruwan, kuma ba a jinkirta shi, domin ruwa na kashe famfon gazuwal da injekter. Rubutun T-BELT yana fitowa ne a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon samfurin, don tunatar da canza bel ɗin cikin injin. Kashe fitilar ba tare da canza bel ba yana ƙarewa ne da bel ya tsinke a hanya ya lanƙwasa bawul. Sababbin motocin gazuwal na Turai suna da matatar hayaƙi da ke toshewa in kullum cikin gari ake yawo; tafiyar minti 20 zuwa 30 a babbar hanya ba tare da tsayawa ba takan wanke ta in an yi da wuri.

MAINT REQD a Toyotar Amurka tunatarwar bidanji ce kawai, tana dawowa duk mil 5,000, wato wajen kilomita 8,000. Hoton kofaton doki mai alamar motsin rai na nufin iskar wata taya ta ragu. A auna da safe kafin tayoyi su yi zafi, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke fashewa a kwaltar tsakar rana. Hoton mutum da ƙwallo a gabansa, ko haruffan SRS, na nufin jakar iska ba lallai ta buɗe ba ranar haɗari.

Fitilar da ba ta kamawa ko kaɗan

Duk fitilun gargaɗi suna gwada kansu. In aka murɗa makulli zuwa inda tablo ke kamawa ba tare da tayar da injin ba, ya kamata na luwul, batir, birki, injin, ABS da jakar iska su haska gaba ɗaya. Na ABS da na jakar iska suna mutuwa bayan ƴan daƙiƙoƙi, sauran kuma in injin ya tashi. Wadda ba ta haska ba a wannan gwaji, ko dai ƙwanta ya mutu ko an kashe ta da gangan. A kasuwar motocin hannu akan cire ƙwan, ko a liƙe shi ta ciki, ko a haɗa wayarsa da ta wata fitilar don su mutu tare. Fitilar jakar iska da ke mutuwa daidai lokaci ɗaya da ta luwul abin tuhuma ce, musamman a motar da ta taɓa haɗari kafin a shigo da ita.

Mai saye ya yi wannan gwaji da kansa kafin a yi maganar kuɗi, ya kuma zo da makanikinsa da baliz. Ko an goge lambobi da safiyar ranar, na'urar tana nuna cewa kwamfutar ba ta kammala gwaje-gwajenta ba tun bayan gogewar, domin kammala su na buƙatar tafiyar kilomitoci masu yawa a cikin gari da babbar hanya. In an ga haka, a nemi a yi doguwar tafiyar gwaji, a sake soka baliz bayan an dawo.